Tambayoyin da Aka Aika wa Torleiv

Haugesund, farkon Satumba

Zuwa ga ƙanin mijina Arnfinn,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da kifayen gonarku da wannan kunne naka da ba ya jin kira sai na abinci. Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga gare ni. Na buga maka waya, ina tambayarka ko kana da lokacin magana, ka ce mini, "E, ana ruwa a nan ma," ka ajiye. Dama mutanen London sun hana mu yin wannan zance ta waya. To ga takarda, ita ba ruwanta da kunne.

Babu wani sabon labari. Yayanka yana hannun 'yan fashin tekun nan har yanzu, shi da Valdis, ɗan Latviya mai gyaran wutar jirgin, wanda suka sauke tare da shi ranar da suka saki jirgin da sauran ma'aikata. Rabona da jin muryar Torleiv tun watan Maris. Sun ce wai sun kai su cikin duwatsu inda waya ba ta kamawa. Akwai wani mai magana da yawunsu, muna kiransa Tafinta don ba mu san sunansa ba, shi ke kai saƙo ya kawo amsa.

A namu ɓangaren akwai Mista Rennie, wanda kamfanin inshora ya ɗauko daga London don ya yi cinikin fansa. Mutum ne mai sanyin murya da tsaftatattun takalma. Yakan zauna a kicin ɗina ya sha kofi ya ce, "Muna kan hanya, Madam Eikrem." Ranar nan na ce masa, "Wace hanya ce wannan, Mista Rennie, da aka kusa shekara ana tafiya ba a ga ko allon kwatance ba?" Ya yi murmushi ya ƙara sukari.

Ga abin da ya sa na rubuto. Duk lokacin da za a matsa gaba a cinikin, sai an aika wata tambaya da Torleiv kaɗai ya san amsarta. Shaidar rai suke kiranta. Ni nake rubuta tambayar, in rubuta amsar a wata takarda daban, Rennie ya rufe ta a ambulan. Idan abin da Tafinta ya kawo ya yi daidai da abin da na rubuta, to mijina yana numfashi, sai a ci gaba. Ba a maimaita tambaya, kuma ba a tambayar abin da wani zai iya tonowa a jarida ko a kwamfuta. Su ma ma'aikatan jirgi an koya musu tun kafin su tashi cewa idan irin wannan ranar ta zo, su faɗi gaskiyar amsa, ban da wasa.

Arnfinn, tambayoyina sun ƙare. Na tambayi launin motarmu ta farko, na tambayi abin da ya fasa ranar aurenmu, na tambayi garin da ya ɓatar da fasfo ɗinsa muka kwana a tasha. Jiya na zauna da biro a hannu tun bayan cin rana har kofi ya huce, ban samo komai ba. Sama da shekara ashirin da aure, rabinsu yana teku, kuma ashe abin da mu biyu kaɗai muka sani bai kai cikin tafin hannu ba. Kunya ta kama ni, kuma na yi kuka.

Kai ka taso tare da shi. Ka tono mini wani abu na ƙuruciyarku wanda ba kowa ya sani ba. Ka rubuto da wuri, ana jira.

Ka huta lafiya.
Matar yayanka,
Gunvor


Lovund, Satumba

Matar yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na samu wasiƙarki. Lafiyata ƙalau, kunnen ma yana gaishe ki, ya ce shi bai yi asarar komai ba tunda ya riga ya ji muryarki a shekarun da yake aiki.

Kin ba ni aiki mai wuya. Kin fi kowa sanin mijinki, bakinsa ba ya rufuwa. Duk abin da ya faru da mu muna yara ya riga ya ba da labarinsa a kowace tashar jirgi daga nan har Singapore, kuma kullum da ƙari. Na yi kwanaki ina ba kifi abinci ina tunani, har yaran aiki suka fara tambaya ko ba ni da lafiya don sun ga na daina zaginsu.

Na samo guda ɗaya. Ki aika ta yadda na rubuta, kada ki canja ko kalma, kuma lallai a fara da cewa ni ne mai tambaya:

"Ƙaninka Arnfinn yana tambaya, wane suna Mama take kira daga bakin ƙofa idan za ta ba karenmu abinci?"

Amsar ba sai na ɓata tawada ba, ke ce matarsa, kin sani.

Ba ki ce komai ba game da maganin zuciyarsa. Wanda aka aika a bazara ya isa hannunsa kuwa, ko dai Tafintan ya sayar? Ki matsa wa Baturen nan naki mai takalma ya bincika.

Na sa miki busasshen kifi a jirgin fito na ranar Litinin. Ki ci, kada ki ajiye wa Torleiv. Idan ya dawo zan aiko masa da nasa.

Allah ya sa mu ji alheri.
Arnfinn


Haugesund, ƙarshen Satumba

Ƙanin mijina abin alfaharina,

Gaisuwa irin wadda ban taɓa yi maka ba. Yau ba zan tsokane ka ba, ko da kuwa ka cancanta.

Amsa ta dawo, kuma daidai ce. Rennie da kansa ya zo gida maimakon ya buga waya. Da na ga motarsa, na tsaya riƙe da ƙofa na kasa buɗewa. Ya shigo, ya ajiye ambulan ɗina a kan tebur, ya ajiye saƙon Tafinta kusa da shi, ya ce, "Ke za ki buɗe." Na buɗe. Kalma ɗaya a nan, kalma ɗaya a can: Admiral.

Na ce, "Yana da rai ke nan?"

Ya ce, "Haka takarda ta nuna."

Na ce, "Kai dai ba za ka taɓa cewa e kawai ba, ko?"

Ya ce a aikinsu ba a cika amfani da wannan kalmar ba. Na yafe masa, har na soya masa waina na sa masa man shanu da yawa.

Sai na riƙa tuna yadda Torleiv yake ba da labarin Admiral, ƙaton baƙin kare mai farin ƙirji, wanda ya yi tsalle cikin teku ya jawo wani maƙwabcinku da ya sha ya bugu. Na ji labarin nan ya fi a ƙirga, har nakan tashi in bar ɗakin idan ya fara. Yanzu da zai shigo ya fara, sai in zauna in ji har ƙarshe.

Game da magani, Tafinta ya ce ya kai. Ba mu da hanyar tabbatarwa.

Rennie ya ce cinikin ya kusa faɗawa. Sun sauko, mu ma mun hau, tazarar da ta rage kaɗan ce. Kafin a jefa musu kuɗin daga jirgin sama sai an yi shaidar rai ta ƙarshe, don haka ina buƙatar wata tambayar guda ɗaya daga wurinka. Ka fara tunani tun yanzu.

Kifin ya iso. Na ci rabi, na ajiye rabi, ka yi haƙuri.

Taka har kullum,
Gunvor


Lovund, Oktoba

Gunvor,

Ina gaishe ki. Ki zauna kafin ki karanta wannan. Na rubuta ta sau da yawa ina yagawa, shi ya sa ta makara.

Sunan karenmu ba Admiral ba ne. Ban taɓa zaton ke ma haka ya gaya miki ba, da na sani, da na rubuta amsar da hannuna. Laifina ne da na yi ganda.

Karen ɗan ƙarami ne, ja, mai gajerun ƙafafu, yana tsoron ruwa yana tsoron kaji. Mama ta tsince shi a bayan shagon haɗin kai, ta so a ce kyanwa ta samu, sai ta sa masa Pus, sunan da kowa ke kiran kyanwarsa da shi. Kullum da yamma takan tsaya a bakin ƙofa da kwano ta ƙwala kira, "Pus, Pus, Pus," duk kyanwoyin unguwa su taho, shi kuma ya biyo bayansu yana rawar jiki. Yaran makaranta sun yi mana dariya har muka girma. Da Torleiv ya tafi makarantar koyon aikin jirgi a kudu, inda ba wanda ya san mu, sai karen ya zama baƙi, ya zama ƙato, ya samu suna Admiral, muƙamin hafsan sojan ruwa. Duk wanda ya san gaskiya a tsibirin nan ya mutu ko ya manta, saura ni.

Kin tuna idan ya fara cika baki a wurin cin abinci, nakan ce wata kalma a hankali, sai ya yi shiru ya kama cokali? Wannan kalmar ce.

Shi ya sa na ce a fara da sunana. Idan wani a duniya ya tambaye shi, zai ce Admiral. Idan ke kika tambaya, wataƙila ya ce Admiral don kada ya ji kunya. Amma tambaya ta zo da sunana, da Mama a bakin ƙofa, ga shi an koya masa cewa ransa yana kan gaskiyar amsa. Torleiv ɗin da na sani zai yi dariya har ya yi tari, ya ce a rubuta Pus, a kuma gaya wa kurman nan ya ci gidansu.

Wanda ya ba da amsar nan ya ji labarin daga bakin yayana, amma ba yayana ba ne.

Ina iya yin kuskure. Ina roƙon Allah ya sa kuskure nake yi. Ban gaya wa kowa ba.

Arnfinn


Haugesund, tsakiyar Oktoba

Arnfinn,

Ba zan ce na gaishe ka da farin ciki ba, amma na gaishe ka.

Ranar da wasiƙarka ta zo na tsane ka. Na ce wannan mutum yana zaune a kan dutsensa, bai taɓa zama da Rennie ba, bai taɓa jiran waya ba, ya zo ya kashe mini miji da sunan kare. Na ce mutumin da ya sha wuya wata da watanni, ga yunwa ga ciwo, ba zai iya faɗin ƙaryar da ya saba ba har ta zame masa gaskiya? Na jefa wasiƙar a kwandon shara, na tafi aiki gidan kula da tsofaffi, na raba wa tsofaffina magani, na yi musu murmushi. Da na dawo na ciro ta.

Akwai abin da ban gaya maka ba. A watan Yuni na karya dokar Rennie. Ya hana tambaya mai taɓa zuciya, ni kuwa na nace, na tambayi sunan da muka sa wa 'yarmu, wadda ta zo ba rai a shekararmu ta uku. Ba a rubuta sunan a ko'ina ba, ko kai ba ka san shi ba, kuma wannan ne abu ɗaya da Torleiv bai taɓa mayarwa labari ba. Amsa ta dawo cewa yana fama da zazzaɓi, kansa ba daidai ba, a aiko da wata. Na aika ta fasfo, ta dawo daidai, na kwantar da hankalina. Na ce zazzaɓi ne. Mutum yakan manta da sunan 'yarsa don zazzaɓi, Arnfinn?

Sai na ɗauko dukkan amsoshin na jera. Na farko-farko, kafin Maris, kowace da wutsiyarta. Ya faɗi launin mota, ya ƙara da cewa in kira mai gyaran rufi kafin sanyi. Ya faɗi sunan malaminsa, ya ƙara da cewa abincin nan ya fi nawa. Daga Maris zuwa yau kalma ɗaya ce ko biyu, babu ƙari. Kuma duk waɗanda suka dawo daidai labarai ne da yake bayarwa a gaban baƙi.

Na san wanda ke amsawa. Mutum biyu a ɗaki ɗaya tun bara, ba rediyo ba littafi, kuma ɗayansu Torleiv ne. Babu labarin da Valdis bai ji ba, wataƙila sau goma-goma.

Na buga wa Rennie waya. Na ce, "Mista Rennie, game da amsar nan ta kare, akwai abin da ƙanin mijina ya..." Sai ya katse ni, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Madam Eikrem, kafin ki ƙarasa, ki bari in rubuto miki wani bayani. Idan kin karanta, kika ga har yanzu kina so ki ƙarasa, zan saurara." Na ce, "Ashe kai ma ka sani." Ya ce shi bai san komai ba sai abin da ke cikin ambulan.

Wasiƙarsa ta zo jiya. Ga ta na haɗo maka, ka karanta ka dawo mini da ita.

Ban yi kuka ba tukuna. Ina jin kamar idan na fara, shi ke nan ya tabbata.

Gunvor


London, Oktoba

Zuwa ga Madam Gunvor Eikrem,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina rubuto miki ne don in fayyace yadda aikinmu yake tafiya, domin ki san matsayin kowa kafin ki yanke wata shawara.

A bisa abin da ke hannuna, dukkan tambayoyin shaidar rai da aka amsa sun dace da amsoshin da iyali suka ajiye. A kan wannan ne masu inshora suka amince a ci gaba, kuma a kansa za su saki kuɗin fansa bayan tambaya ta ƙarshe.

Inshorar ta shafi ma'aikatan da kamfanin jirgin ya ɗauka da kansa, wato mijinki. Mista Valdis Ozols ya shigo jirgin ne ta hannun wani ofishin samar da ma'aikata, wanda aka rufe tun cikin hunturu. Babu inshora a kansa, kuma iyalinsa ba su da hali. Tun farko na sa shi cikin cinikin da sharaɗin cewa ko su biyu ko babu, kuma waɗanda ke riƙe da su sun yarda, domin a wurinsu kuɗin na injiniya ne, wato mijinki, shi kuma ƙari ne a kai.

Idan iyali suka sanar da ni cewa suna shakkar wata amsa, wajibi ne in kai rahoto. Daga nan za a dakatar da komai har sai an ji murya ko an ga hoto. Idan ba a samu ba, za a rufe maganar, ni kuma a janye ni. Na daɗe a wannan aiki, kuma ban ga inda aka ci gaba da ciyar da mutumin da ba wanda zai biya a kansa ba.

Ba ni da ikon ba ki shawara, kuma ba shawara nake bayarwa ba. Ban tambaye ki abin da kike zato ba. Abin da nake buƙata daga gare ki shi ne tambaya ɗaya da amsarta a rufe, kamar yadda aka saba. Idan amsar da ta dawo ta saɓa da wadda kika rubuta, sakamakon ɗaya ne da na shakka.

Ina tare da ke da iyalinki a wannan hali.

Naki cikin girmamawa,
D. Rennie


Lovund, ƙarshen Oktoba

Gunvor,

Gaisuwa. Ga wasiƙar Baturenki na dawo miki da ita. Ya iya rubutu, ya faɗi komai ba tare da ya faɗi komai ba.

Ban yarda ba. Mutanen nan sun bar yayana ya mutu a rami ba magani, sun ɓoye, suna wasa da hankalinki tun bazara, sannan mu tara musu kuɗi a jaka mu jefa musu daga sama kamar kyauta? Su sayi sababbin bindigogi su tare wani jirgin, wata matar ta zauna tana rubuta launin mota? Kuma ranar da jirgin sama ya sauka aka buɗe ƙofa mutum ɗaya ya fito, me za ki ce wa masu inshora? Me za ki ce wa fasto, da maƙwabta da suka shekara suna kunna masa kyandir a coci?

Ban san Valdis ɗin nan ba. Ina jin tausayinsa, amma ya ari bakin yayana yana magana da shi, kuma wannan ya tsaya mini a wuya.

Ni abin da nake so shi ne a faɗi gaskiya, a tambaye su inda suka binne shi, a kawo mana ko ƙasusuwansa ne in sa shi kusa da Mama. Ba zan ba ki wata tambaya ba.

Ki yi haƙuri da zafin maganata. Ba da ke nake ba.

Arnfinn


Haugesund, Nuwamba

Ƙanin mijina,

Na gaishe ka, kuma ban ji haushin wasiƙarka ba. Duk abin da ka faɗa na riga na faɗa wa kaina, da zagin da ya fi naka.

Ranar Lahadi matar Valdis ta kira ni daga Liepaja. Ilze sunanta, tana aiki a gidan wanki na wani asibiti. Takan kira lokaci-lokaci, da ɗan Ingilishinta da nawa mukan lallaɓa. Ba wanda ke gaya mata komai, ba ta da Rennie, ba ta da ambulan. Ta ce, "Gunvor, mijinki ya amsa?" Na ce ya amsa. Ta ce, "To madalla. Idan naki ya amsa, nakan san nawa ma yana nan, tunda tare suke." Sai ta yi dariya ta ce, "Valdis ba ya magana, kin sani, a gida sai in yi kwana biyu ban ji muryarsa ba. Ina tausayin mijinki da aka haɗa shi da gunki." Na ce kada ta damu, nawa yana yin magana ta mutum biyu. Ta ce in gaishe shi idan an aika saƙo. Na ce zan gaishe shi. Da na ajiye wayar sai kukan ya zo, a tsaye, a gaban injin wanki.

Ka ce ya ari bakin yayanka. Ina ganinsa a raina, Arnfinn, zaune a ƙasa, an kawo masa tambaya daga mutanen da bai taɓa gani ba, an tsaya a kansa da bindiga, yana laluben surutun Torleiv a ƙwaƙwalwarsa don ya samu ya ga gobe. Wa ya sani ko Torleiv da kansa ne ya zaunar da shi ya ce ya haddace, da ya ji jikinsa ya fara ba shi labari. Irin halinsa ne.

Ka ce kana so a san inda suka binne shi. Su ba za su faɗa ba, ranar da suka gane mun sani za su kashe waya su ɓace. Mutum ɗaya ne a duniya ya san inda yake da yadda ya ƙare da abin da ya ce a ƙarshe, kuma zai iya gaya mana. Idan ka bar shi a can, ka bar Torleiv a can gaba ɗaya.

Maganar kuɗi da bindigogi ba ni da amsarta. Maganar abin da zan ce wa masu inshora ma haka. Wataƙila su kai ni kotu. Ba na jin tsoron kotu yanzu.

Da zan iya da kaina da ban dame ka ba, amma nawa sun ƙare, kuma idan na yi kuskure na kashe mijin Ilze da birona. Ina buƙatar labarin da ba a rubuta a ko'ina ba, don Rennie ya karɓa, amma wanda ka tabbata yayanka ba zai zauna da mutum ba tare da ya ba shi ba. Kuma ka rubuto mini amsar yadda shi yake faɗinta, ko da ba haka abin ya faru ba.

Tafinta ya fara ƙorafin jinkiri. Idan ba za ka iya ba, ka rubuto ka ce a'a, ba zan riƙe ka a zuciya ba.

Matar yayanka har yanzu,
Gunvor


Lovund, Nuwamba

Matar yaya,

Gaisuwa. Ga ta:

"Ƙaninka Arnfinn yana tambaya, ranar da muka yi iyo zuwa dutsen da ke bayan gidan kwale-kwalen Baba, wa ya fara isa?"

A wurin amsa ki rubuta Torleiv. Haka yake faɗa, kuma ba ya kwana uku da mutum bai faɗa ba.

Ni na fara isa. Shi ƙafarsa ta riƙe a tsakiyar ruwa, na koma na jawo shi da gashin kai, ya sa na rantse ba zan gaya wa Baba ba. Mu biyu ne kawai a wurin.

Idan sunana ya dawo, to yana da rai, ki bar ni da masu inshora, zan zo London da kaina in yi musu bayani. Amma kada ki sa rai, Gunvor. Ni ban sa ba. Na je wurin fasto na ce ya ajiye filin da ke kusa da Mama, bai tambaye ni dalili ba.

Idan mutumin nan, Valdis, ya fito, ki kawo shi nan. Ki gaya masa kurma ne ni, sai ya ɗaga murya.

Ƙanin mijinki,
Arnfinn